Ranar da Takalmina Ya Riga Ƙwallo Tashi

Ba zan taɓa mantawa da 'yar ƙarar da ta jawo mini wannan abin kunya ba. Ƙwas... ƙwas... ƙwas, a kan simintin baranda. Ina kicin da hantsi ina dama kunun gyaɗa, na ɗauka Nana ce, autarmu, take buga cokali a ƙasa. Na leƙo zan yi mata faɗa, sai na ga babanta ne. Yana tafe a hankali yana jan ƙafar hagu, ya dogara da sandar golf ɗinsa, kan ƙarfen yana taɓa siminti duk takun da ya yi.

Sai da na dafa bango. Wanda bai san Abban Nana da sandunan nan ba ba zai gane dalili ba. Mutumin da yake zama da tsohon buroshin haƙori yana wanke musu kai ɗaya bayan ɗaya, ya goge su da tawul ɗin da ya fi na wankansa kyau. Yaro ya taɓa jakarsu, ranar babu zaman lafiya a gidan. Ni kaina na yi shekaru ina masa tsiya (cikin ladabi dai): manyan mutane da furfura, sun bar inuwa sun shiga rana suna bin ƙwallon da ba ta kai ƙwan kaza ba, in sun same ta kuma su sake korar ta. Yau ga ɗaya daga cikin 'yan gatan nan ta koma sandar tsoho.

Watannin baya ne hawan jini ya kayar da shi, ya taɓa masa ɓarin hagu. Allah ya taƙaita, baki ya dawo, hannu ya dawo, ƙafar ce kawai ta rage tana ja. Likita da masu gashin ƙashi a asibiti bakinsu ɗaya: ƙafar nan tafiya take so, in ya zauna za ta zauna tare da shi, ya koma filin wasansa ko da zagaye kawai zai riƙa yi. Shi kuwa daga ɗaki sai baranda, daga baranda sai masallacin ƙofar gida. Abokin wasansa, Mista Bulus, mutumin Bogoro da ke zaune a Yelwa, duk Asabar sai ya zo ya danna hon a ƙofa. Abban Nana ya ce a ce yana barci. Ni kuma ba na son a koya wa yarinya ƙarya, sai in aiki Nana ta ce, "Abba ya ce a ce yana barci." Mista Bulus ya yi dariya, ya ajiye mana lemo, ya tafi.

Ranar dai na kawo masa kunun, na zauna a gefen tabarma.

"Abban Nana, sandar wasan ce ta koma ta dogarawa?"

"To me za ta yi a jaka? Gara ta yi wani amfani."

"Ai likita ya ce ka koma fili."

"Likita bai san wasan ba," in ji shi. "Ke ma kina zaton da hannu ake bugawa. Hannu ɗan aike ne, Hajiya. Ƙarfin daga ƙasa yake tasowa, ya bi ƙafa, ya hau ƙugu, hannu ya kai saƙo kawai. Kuma a ƙarshe duk nauyin mutum a kan ƙafar hagu yake sauka." Ya ɗan bugi ƙafar da sandar. "Wannan zan ɗora wa nauyina? In zube a gaban su Bulus a taru a ɗaga ni?"

"Faɗuwa ai ba mutuwa ba ce."

"Don ba ke za ki faɗi ba."

Ban san inda maganar ta fito ba, wallahi. Kawai ji na yi bakina ya ce, "To ni zan je in buga. A gabansu."

Ya kalle ni, sai ya fashe da dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun kafin ciwon. Har ya ƙware da kunu. Dariyar nan ce ta ƙarasa ni. Na ce a raina, in dai wautata za ta sa mutumin nan dariya, to na shiga kenan ba fita. Na san bayan ƙaramar Sallah 'yan wasan sukan yi taro su zo da iyalansu, a ci masar Bauchi a sha lemo, mata da yara su gwada bugu. Sau nawa yana gayyata ta ina cewa ina da aiki. Na ce masa in na tsaya a gaban abokansa na buga ƙwallon nan ta tashi sama, zai koma fili? Ya ce zai koma. Na ce ya ce ya yi alkawari. Ya faɗa yana share hawayen dariya. Na kira Nana na ce ta zama shaida. Alkawari kaya ne, kuma na san mijina, ba ya sauke shi a hanya.

Sai da na koma kicin hankalina ya dawo jikina. Ni da ko tsallen igiya ban iya ba a sakandare, malamar wasanni ta haƙura ta mayar da ni mai gadin takalman 'yan aji. Na ce, "Ya Allah, Kai ka ga niyyata, kada ka duba iyawata."

Muka fara a tsakar gida, kullum bayan la'asar. Shi a kujerar roba, ni a tsaye ba takalmi, cikin doguwar rigar zaman gida mai faɗi. Maimakon ƙwallo muna dunƙule tsofaffin safa, don kada in fasa gilashin taga. Nana ke jera mini su, ita ke kwasowa (kwasowar ba wuya, galibi suna nan inda ta ajiye su).

Ranar farko na ɗaga sandar na sauke ta da duk ƙarfin damatsana.

"Hajiya, ba faskare kike yi ba."

Na sake.

"Ba maciji ba ne kuma. Bai yi miki komai ba."

Ya ce in buɗe ƙafafuna daidai faɗin kafaɗuna. In ɗan sassauta gwiwa kamar mai shirin zama a kujera sannan ta fasa. In na kai sandar baya, nauyina ya koma ƙafar dama. In zan dawo, kada hannu ya riga, ƙugu ne zai fara juyawa, nauyi ya zubo kan ƙafar hagu, dunduniyar dama ta ɗaga, in ƙare cibiyata tana kallon inda nake so ƙwallon ta je. Na ce duk wannan a bugu ɗaya? Ya ce a ƙiftawar ido ma. Na ce ai tuwon biki ya fi wannan sauƙi.

Matsalata ƙugun ne. Tun ina yarinya aka koya mini mace ta natsu, ta tattara jikinta, ta yi tafiya kamar ba ta taka ƙasa. Shekara da shekaru ina tattarawa, yanzu rana ɗaya a ce in saki? Daga wuya zuwa hannu ina wasa, daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa turmi ne aka kafe. Shi kuma in abin ya ishe shi sai ya manta a unguwa muke, ya ɗaga murya: "Juya ƙugun! Hajiya, na ce ki juya ƙugun nan!" Katangarmu da ta maƙwabta ba ta da wani tsawo. Washegari na haɗu da maƙwabciyata a bakin ƙofa, ta gaishe ni da wani irin murmushi, ta ce, "Maman Nana, lallai jikin Alhaji ya yi sauƙi, muna ta jiyo muryarsa." Na ce alhamdulillahi, na shige gida fuskata kamar an goga mini barkono. Daga ranar na kafa masa doka: in zai ce ƙugu, ya nuna da hannu.

Abin da ya buɗe mini kai ba a wajen darasi ya zo ba. Wata safiya na gama wanki, na ɗauki bahon ruwan ɗauraya zan watsa can bakin makwarara. Kowace mace ta san yadda ake yi: ka kafa ƙafa, ka kai bahon baya, ka juyo da jikinka gaba ɗaya, ruwan ya tafi shaa. Ban gama miƙewa ba na ji ihu daga baranda.

"Yawwa! Tsaya a haka! Kada ki motsa!"

Na tsaya da baho a sama kamar wadda aka kama tana sata.

"Dubi ƙafarki. Ina nauyinki yake? A hagu. Dubi dunduniyar dama, ta ɗaga. Ina cibiyarki take kallo? Makwarara. Shi kenan wasan, Hajiya! Da hannu kika watsa ruwan nan?"

Na duba, ashe kuwa ba da hannu ba ne. Wanda duk ya gwada watsa cikakken baho da hannu zalla, a ƙafarsa ruwan zai zube. Ashe shekarun nan duka golf nake bugawa a bakin makwarara ba wanda ya ba ni kofi.

Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini a rai ba. Cikin zumuɗi ya tashi daga kujerar ya zo yana gwada mini da hannu wofi, ya kai baya, ya juyo, ya sauka a kan ƙafar hagu. Ta ɗauke shi. Na ɗan lokaci ne, amma ta ɗauke shi, sandar tana can jingine da bango. Shi bai lura ba. Ni na lura, na haɗiye, na juya ina matse wankin da na riga na matse. A nan na gane ƙafar ta fi yadda yake zato ƙarfi. Abin da ya shanye masa bai tsaya a ƙafa ba, kunyar idon abokai ce. Daga ranar, Allah ya yafe mini, nakan yi kamar ban gane ba ko da na gane, don dai ya tashi ya sake nuna mini.

Kafin azumi ya ƙare safa ta fara tashi. Wata rana ma ɗaya ta haye katanga, maƙwabciyata ta aiko da ita a leda. Na fara jin kaina. (Ku riƙe wannan, don daga nan ne Shaiɗan ya samu ƙofa.)

Kuskurena na farko, na gaya wa facalata, matar yayan mijina, don ta taya ni da addu'a. Na ce kada ta gaya wa kowa. Ta ce haba, wa za ta gaya wa?

Kuskure na biyu, shigar da na yi. Na tsaya gaban madubi ranar taron na ce, yau abokan mijina da matansu za su gan ni, ba zan je musu kamar 'yar aikin gida ba. Na ɗauko sabuwar atamfar Sallah, mai sitaci, na ɗaura zani na ja shi tamau, na sake ja. Na zura hijabi har idon sawu. Na sa takalmina na fita unguwa, mai buɗaɗɗen baya, wanda ƙanwata ta kawo mini tsaraba. Abban Nana ya dube ni sama da ƙasa a bakin mota, ya buɗe baki, ya rufe. Shi ma ransa a jagule yake, wannan ce fitarsa ta farko cikin mutanen. Ya ce dai zai zauna a rumfa, ba zai taka fili ba sai na cika nawa alkawarin.

Muna isa abokansa suka yo kansa. Mista Bulus ya rungume shi yana cewa, "Alhajina! Yau barcin ya ƙare?" Aka zaunar da shi a kujerar gaba, ya sa sandarsa tsakanin gwiwoyi ya riƙe da hannu biyu, yana murmushin da bai kai ido ba. Matar Mista Bulus, Madam Laraba, wadda ita ma tana buga wasan, ta ja ni gefe.

"Maman Nana, da wannan zani za ki buga? Ƙafafunki za su buɗe kuwa?"

"Za su buɗe, in sha Allahu."

"Takalmin fa? Ina da kambas a mota, sawunmu ɗaya."

Na dubi kambas ɗin ƙafarta, na hango kaina da atamfa da hijabi da kambas kamar 'yar firamare ranar gudu. Na ce mata na gode, wannan ma ya isa. Ta ce, "To, Allah ya taimaka," da muryar wadda ta ga mota ta nufi rami.

Aka gama da yara, aka zo kan mata. Mista Bulus ya sanar da cewa uwargidan Alhaji za ta buga, kuma akwai alkawari a kai. Aka yi tafi. Ya soka ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo a ƙasa, ya ɗora ta, ya miƙo mini sanda. Na yi bisimilla, na gyara tsayuwa. Na buɗe ƙafa, zani ya ce iyakarki nan. Na samu rabin abin da na saba. Na ce ba komai, baho ne.

Sai na ji sallama a bayana. Muryar da ko a mafarki na ji ta sai na gyara ɗankwali.

Baffa ne. Yayan Abban Nana, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya je nema masa aurena, shi ya yi wa duk 'ya'yanmu huɗuba. A wajena suruki ne, ba wani yayan miji ba. Tun da na shigo gidan ban taɓa faɗin sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Dattijon cikin gari, ɗan kasuwa mai karatu, in ba ya shago yana gonarsa ta Zungur. Me zai kawo shi filin golf? Facalata ce ta gaya masa ƙaninsa zai fita cikin mutane yau, shi kuma ya sa babbar riga da hula ya zo ya gani da idonsa. Sauran bayanin, na cewa ni zan yi wasa, ashe ta bar masa ya tarar.

Na durƙusa da sanda a hannu na gaishe shi. Ya amsa yana kallon gefe. Ya tsaya a inda ya samu wuri, wato daidai bayana.

Jama'a, ku auna. Duk abin da na koya wata da watanni abu ɗaya ne: juya ƙugu. Ga surukina a tsaye a bayana. Na miƙe na dubi ƙwallon, na ji daga cibiyata zuwa tafin ƙafata an zuba kankare. Na ce a raina, yau hannu zai yi aikin ko yana so ko ba ya so. Na ɗaga, na kawo. Fuu! Iska na sara. Ƙwallo tana zaune a kan tsinkenta ko gezau.

"Gwaji ne! Wannan gwaji ne!" in ji Mista Bulus, Allah ya saka masa.

Na sake ɗagawa, na ƙara ƙarfi. Wannan karon na sami ƙasa, taku guda kafin ƙwallon. Sandar ta nutse, girgizar ta hau mini har haƙora, ƙura ta tashi ta sauka a kan sabuwar atamfata. Wani yaro ya ce, "Mama, noma take yi?" aka toshe masa baki. Na saci kallon rumfa. Abban Nana ya sunkuyar da kai, yana nuna mini da hannu yadda muka yi doka, yana juya tafinsa a hankali.

Ashe Baffa ma a takure yake. Dattijo ne mai ganewa, ya lura tsayuwarsa ce ta ɗaure ni. Sai ya yi gyaran murya, ya tattara babbar rigarsa, ya zagaya ya tafi can gaba ta hagu, gindin wata bishiyar dogon yaro, ya juya mana rabin baya yana jan carbi kamar mai duba gona.

"Baba, nan fa hanyar ƙwallo ce," in ji Mista Bulus.

"Wace ƙwallon?" in ji Baffa, bai ko waiwayo ba. "Wadda ta ƙi motsi tun ɗazu?"

Aka yi dariya, ni kuwa maganar ta shige ni. Na dubi mijina da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Na tuna ƙwas, ƙwas ɗin nan a baranda. Na ce in na ajiye sandar nan yanzu, ƙarar nan zan yi ta ji har ƙarshen rayuwarmu. Bayana ba kowa. Na ce, ke baiwar Allah, baho ne cike da ruwan wanki, ga makwarara can. Na ja numfashi, na kai baya, nauyi ya koma dama. Na saki ƙugun nan gaba ɗaya, sakin da ban taɓa yi ba ko a tsakar gidana.

Ƙugu ya juya, wannan kam ba a cuce ni ba. Sai dai tsayuwar ta yi ƙunci, zani ya riƙe gwiwoyina, ƙafar hagu ba ta sami inda za ta kafu ba. Maimakon dunduniyar dama ta ɗaga ta tsaya, ƙafar gaba ɗaya ta biyo ni. Na yi juyi kamar mazari. Na ji ƙafata ta yi sakayau, na ga wani abu ya tashi sama yana walƙiya, na ji jama'a sun ce "Kai!" Har na fara hamdala a cikin juyin. Sannan na zauna daɓas a ƙasa.

Ƙwallo tana nan. Iskar sandar ce ma ta ture ta daga kan tsinken, ta gangaro ta tsaya kusa da gwiwata kamar ta zo yi mini jaje.

Abin da ya tashi takalmina ne. Ya yi sama yadda aka ce ƙwallon kirki tana yi, ya lanƙwasa, ya sauka a kan hular Baffa. Hular ta yi gabas, takalmin ya zame ta kafaɗarsa ya faɗa cikin aljihun babbar riga.

Wurin ya yi tsit. Ko tsuntsu bai yi kuka ba. Na ja hijabi na rufe fuskata ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi, wataƙila tana fushin saran da na yi mata. Na jefi surukina da takalmi. A bainar jama'a. Ko a tatsuniya ban taɓa jin wadda ta yi haka ba.

Ta cikin hijabin na ji taku yana matsowa, ɗaya mai nauyi, ɗaya yana ɗan ja. Babu ƙwas. Aka kama hannuna aka ɗaga ni.

"Kin ji ciwo?"

"A'a. Ka kai ni gida."

Da ya tabbatar ƙalau nake, sai malamin ya motsa masa. "Na ce miki ki kafa ta hagu! Ki kafa ta, ita ce ginshiƙin! Ƙugu ba ya juyawa a kan iska, sai ya sami abin da zai juya a kansa. Kawo nan."

Ya karɓe sandar daga hannuna, ya sunkuya ya mayar da ƙwallon kan tsinke, yana ta faɗa. "Dubi nan. Buɗe. Sassauta gwiwa. Baya. Sannan ki zubo nauyin nan, haka."

Ƙyas!

Ba ta yi nisan da ya saba ba, na ji daga baya suna cewa ko rabi ba ta kai ba. Amma ta tashi, fara tas a cikin sararin sama, ta tafi ɗoɗar ta sauka tana tsalle. Shi kuma yana tsaye, cibiya tana kallon gaba, dunduniyar dama a ɗage, duk nauyinsa a kan ƙafar da ya ce ba za ta ɗauke shi ba. Ta yi rawa kaɗan. Ta tsaya.

Mista Bulus ne ya fara ihu, ya jefar da hularsa sama. Madam Laraba ta rangaɗa guɗa, ta rungume ni da ƙurata da komai. Abban Nana ya waiwaya ya hango sandar dogarawarsa kwance a ƙasa can gaban rumfa, ya dubi ƙafarsa, ya dube ni. Ni kuwa ina tsaye ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu.

Sai ga Baffa ya taho, ya mayar da hularsa a karkace, idanunsa jajur, yana ta "Masha Allah, masha Allah." Ya dafa kan ƙaninsa kamar yaro. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro takalmina. Dattijo kamar Baffa, riƙe da takalmina! Wannan ya fi mini jifar ciwo. Ya miƙa wa Nana.

"Ungo, kai wa uwarki. Ki ce Allah ya yi mata albarka, na yafe duniya da lahira. Amma in za ta sake, a aiko a gaya mini gefen da zan tsaya."

Ni dai ban cika alkawarina ba, ƙwallona ba ta tashi ba har yau. Shi ya cika nasa. Asabar ɗin da ta biyo, kafin Mista Bulus ya danna hon yana bakin ƙofa da jakarsa. Ƙafar tana ɗan ja har yanzu, amma a fili take ja, ba a baranda ba. Ni kuwa na yi makonni ban taka gidan Baffa ba, kuma duk sanda na je facalata sai ta ce wa yara su kwashe huluna. Kada kuma wani ya ce da gangan na yi don in tayar da mijina. Da ina da wannan dabarar, da na zaɓi kan wani ba na Baffa ba.

Abin da na koya kaɗan ne. In za ka juya, ka fara samun inda ka kafa ƙafa. In wadda ta riga ki sanin hanya ta ce ga kambas, ki karɓa. Kunya ado ce, ban fasa ba, amma na ga yadda ta zaunar da namiji a kujera, na ga kuma yadda ta sa na tashi in kare mutuncina a gaban suruki na ƙare da jifarsa.

A mota ranar, muna komawa, ina ta kallon taga, ina lissafin yadda zan ƙara haɗa ido da mutanen Bauchi. Abban Nana yana gaba kusa da direba, yana ta ba shi labarin bugun kamar mutumin bai gani ba. Nana ta matso ta kwanta a jikina, ta ɗago hijabina ta leƙo fuskata, ta yi ƙasa da murya.

"Umma, kada ki yi kuka. Ranar Asabar ma ki je ki sake faɗuwa. In kika faɗi, Abba mantawa yake yi ƙafarsa ba ta da lafiya."